Mode da Cutar Fadamarsa

Mode mai gyaran injin ban-ruwa ne a Kagara. Ya daɗe yana zubar da baƙin mai a gefen fadamarsa, har albasa ta daina fita.

Ɗiyarsa Khaulat ta dawo daga jami'a, ta ce, "Baba, zuba takin shanu. Akwai ƙwayoyin cuta ciki, su ka cinye man sannu a hankali."

"Ƙwayoyin mi?"

"Cuta, Baba. Amma mai amfani."

"Ke, cuta ba ta da amfani sai ga macuci."

Takin dai ya zuba. Sannan ya bi shi da maganin wanke masai, ya kashe cutar tas. Bana ma ba albasa, kuma duk wanda ya kawo inji gyara sai ya sha labarin lalacewar boko.