Sa Hannun Yaya

A ofishinsu Uwar Doka ake kiranta, kuma ba don yabo ba. Shekara goma sha tara ta yi tana rubuta ƙa'idojin kare muhalli. Ta fara da ɗibar ruwan kwata a kwalabe tana kaiwa ɗakin gwaji, ta kai ga tsayawa gaban manya a tarurrukan sauyin yanayi tana gaya musu abin da ba sa son ji. Ba ta da sauƙin kai. Ka kawo mata rahoto da alƙaluman da ka ƙirƙira, ta mayar maka da shi ja wur da biro a gaban kowa. Abokan aikinta suna gaishe ta da baki, ciki kuwa fal haushi.

Abin da ba su sani ba, da hayaƙi aka yi mata karatu. Yayanta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, narka tsofaffin baturan mota yake yi yana fitar da dalma, a rumfar kwano a tsakiyar unguwa, shi da wasu mutum talatin masu irin sana'arsa. Ta san warin wurin, ta san tarin da yake yi da safe, ta kuma san abin da dalma ke yi wa jinin yaran maƙwabta. Da aka ba ta aikin rubuta ƙa'idar fitar da masu narka batir daga cikin gidaje, sai ta zauna ta yi shi kamar mai ɗinka wa kanta riga. Ta sa a ba su fili a bayan gari, da wa'adin shekara biyu kafin su tashi.

A irin aikinsu ba a kai ƙa'ida gaba sai an yi taron jin ra'ayin waɗanda abin ya shafa. Aka aika gayyata, ko mutum ɗaya bai amsa ba. Sai ta je ta roƙi Yaya.

"Me zan je in yi cikin masu kwat?" in ji shi.

"Ka faɗi abin da ke ranka kawai, Yaya. In ba ka zo ba, wasu ne za su yi magana a madadinku."

Ya zo don ita, da rigarsa mafi kyau. A bakin ƙofa sakatariya ta miƙa masa takardar halarta, ya sa hannu. Ta tambaye shi daga ina, ya ce shi mai narka batir ne, ita kuwa ta cike gurbin da "wakilin masu narka batir". Da aka ba shi dama ya miƙe, ya ce bai yarda a tashe su ba sai sun ga filin da idonsu. Aka tafa masa, aka kawo shayi. Ba wanda ya rubuta ko kalma ɗaya.

Bayan wata uku ƙa'ida ta fito. Babu fili, babu shekara biyu, sai kwana talatin. A shafin farko an rubuta cewa an tuntuɓi masu sana'ar kuma sun amince, ga takardar halarta a liƙe a matsayin shaida. Ta faɗa ofishin Darakta ko sallama babu. Darakta kuwa, mutumin da bai taɓa karanta rahoto ya wuce shafi na biyu ba, yana zaune yana yanke farce.

"Wa ya cire wa'adin?"

"Daga sama ne," ya ce, bai ko ɗago kai ba. "Ba ke kika kawo mana wakilinsu ba? Ga hannunsa nan. Aiki ya yi kyau, Malama."

Ranar da masu dubawa na gwamnati suka rufe rumfunan, sun manna kwafin takardar halartar a bango. Mutum talatin suka taru suka karanta sunan Yaya. Suka ce ya sayar da su don ƙanwarsa ta samu girma. Maƙwabcin rumfarsa na shekara ashirin ya tofar da yawu a gabansa ya wuce.

Ta yi kwana huɗu tana rubuta ƙorafi, mai ƙarfi, wanda ta tabbata zai dawo da wa'adin. Sai dai tsarin ya ce wanda ya halarci taron ne kaɗai zai iya shigar da shi. Da la'asar ta sami Yaya a tsakar gidansa a zaune, hannuwansa masu tabon ƙuna a kan gwiwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta bayyana masa komai. Sannan ta miƙa takardar da biro.

Ya dubi biron.

"Wani hannun kuma kike so?"

"Wannan na gyara ne, Yaya. Wallahi ban san za su..."

"Wancan karon ma cewa kika yi in faɗi abin da ke raina."

Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya leƙa ɗakin matarsa.

"Ki kawo wa baƙuwar nan ruwa," ya ce. "Daga ofis take."