Shekarar da Aka Kife Turmi

Jiya da hantsi ina wucewa ta bayan wata kasuwa a unguwar Tampouy, nan Ouagadougou, sai wata mai fura ta watso ruwa a kwata, tsaminsa ya bugi hancina. Na tsayar da moto, babur ɗina, ban san na tsayar ba. Ƙasari ne. In ba ka san shi ba, shi ne ruwan da ake wanke gero da shi bayan an yi surfe, fari-fari, da ɗan kauri. A gidanmu na Zongo babu wanda ya taɓa ɗaukarsa a bakin komai, sai da ya raba mu da mutum.

Kakata ce mai gidan, mahaifiyar babana. Mace ce da ba ta yarda da kowa ba. In ka gaishe ta da fara'a, sai ta ce me kake nema. In ka gaishe ta a daƙile, sai ta ce me aka faɗa maka a kanta. Ni ma ita na gado, duk dangi sun shaida. Ita ta ba ni 'yar tunkiya shekarar da aka sa ni lekol, makarantar boko, ta ce tawa ce halak malak, abin da ta haifa ma nawa ne. Turkenta na gindin darbejiya, kusa da inda mahaifiyata ke surfe. Kullum da safe sai ta surfa gero, ta bakace, ta tura wa tunkiyar dusar da ƙafa, ta wanke tsabar ta juye ƙasarin a wani tsohon kwano da ke wurin. Ba ciyarwa take ba a ganinta, neman inda za ta zubar take. Haihuwar tunkiyar ta fari, hantsarta har ƙasa take nema, ɗan kuwa ya yi ɓul-ɓul, yana tunkuyin kowa.

Sai shekarar da abubuwa suka canza. Mahaifiyata ta samu aiki a wani biro, wato ofis, can unguwar Ouaga 2000, tana fita tun da sassafe, ta dawo a gajiye da shinkafa ko garin masara na inji a bayan moto. Gero ya bar gidanmu ba sallama. Aka kife turmi a jikin katanga, ɗakin da ake ajiye buhuna ya zama fanko, babana ya ce a sa ɗan haya.

Wadda ta kama ɗakin wata Bakanuwa ce mai sayar da atamfa da shadda, doguwa, mai yawan dariya, mijinta ya rasu. Hajiyar Kano muke ce mata. Hausarta ma daban take da tamu, ba ta sa Faransanci a ciki, mu kuwa yara muna ɓuya muna kwaikwayonta. Kakata ta ƙare mata kallo ranar da ta sauke kaya, ta taɓe baki. Mace ita kaɗai, da dilolin zannuwa, daga wata ƙasa, tana dariya haka kawai? Tun ranar ta sa mata ido.

Ba a daɗe ba tunkiyata ta haifi tagwaye, farare tas, ɗaya da baƙin kunne. Hajiyar Kano ta fito ta tafa hannu ta ce, "Kai, Iya, wannan kyau haka! Dube su kamar auduga." Ba ta ce tubarkalla ba. Na ga kakata ta ɗago kai a hankali. Ni ma na lura, don an riga an koya mini lura.

Lokacin bazara ne, zafin nan na Ouaga da ke sa kwanon rufi ƙara da rana. Ɗanyar ciyawa babu ita ko ta magani. Busasshiya ake saye wurin masu keken jaki, ana zuba wa tunkiyar har ta bar saura, cikinta ya yi tim. Amma hantsar ta fara yamushewa kamar tsohuwar jaka. 'Ya'yan su dinga dukanta da kai, su tsotsa, su saki, su yi kuka. Uwar ta fara gudunsu. Gashinsu ya tashi, ƙafafunsu suka zama kamar tsinke. Ina dawowa daga lekol ko jaka ba na ajiyewa sai na duba su, ina kuka ina tura musu nonon a baki. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar mai baƙin kunnen nan ba.

Kakata ba ta yi dogon bincike ba. Ga ciki a cike, ga ruwa a kwano, me zai hana nono in ba baki ba? Kambun baka ne, kuma ta san bakin. Aka karɓo rubutu aka ɗura wa tunkiyar, aka yi mata turare har tana atishawa, aka ɗaura wa 'ya'yan laya a wuya. Aka hana ni karɓar ko alewa daga hannun Hajiyar Kano. In ta fito tsakar gida, kakata sai ta ja tabarmarta ta tare turken da jikinta. Komai matar nan ta yi sai ya zama shaida. Ta yi shiru, ta san abin da ta aikata. Ta yi dariya, murna take. Ta tsaya tana kallon tunkiyar, ƙarasawa take.

Wata safiya na fito zan wanke fuska, na ga Hajiyar Kano tsugune gaban tunkiyata da roba, dabbar ta kafa kai tana zuƙa kamar za ta haɗiye robar. Wani farin ruwa ne a ciki. Na ƙwala wa kakata kira. Ban san tsohuwar nan tana da sauri haka ba. Ta sa ƙafa ta kifar da robar.

"Iya, ƙasari ne fa," in ji Hajiyar Kano. "Gidan masu fura na roƙo, na zuba 'yar kanwa. Mai shayarwa ce, ciyawar nan ba ta riƙe ta."

"Ruwan wanki ne zai kawo nono? Da kika zuba kanwa, sai kuma me kika zuba?"

Matar ta miƙe. Ta ɗauki robarta ta shige ɗaki. Ni kuwa a ranar na tabbata mun kama ta dumu-dumu, har ina jin kaina wata jaruma.

Bayan 'yan kwanaki ɗaya daga cikin tagwayen ya kwanta bai tashi ba. Saura mai baƙin kunne, shi ma yana tangaɗi. Kakata ta kira babana ta ce ko baƙuwar ko ita. Babana mutumin biro ne, ya yi ta cewa, "Inna, wannan ba lojik ba ne," amma wa ya isa? Mahaifiyata ta yi shiru, don ita suruka ce, kuma ba ta yini a gida balle ta ce ta ga wani abu.

Ranar da Hajiyar Kano za ta tashi, an gama ɗora dilolinta a keken jaki, ta zo ta durƙusa ta yi wa kakata sallama yadda ya kamata. Ba ta yi dariya ba ranar. Da ta miƙe, ta dubi turmin da ke kife a jikin katanga, gizo-gizo ya yi saƙa a gindinsa. Ta ce, "Iya, ki yafe ni. Amma tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin ƙarar turmi ba." Ta fita.

Kakata ta koma kan tabarmarta. Ta yini tana jan carbi, fuskarta a murtuke. Washegari ta aike ni awon gero, wai tuwon inji ya ishe ta, kunu take marmari. Ta sa aka tayar da turmin, ta ɗauki taɓarya da kanta, muka dinga karɓa-karɓa ni da ita. Dusar ta tura wa tunkiyar da ƙafa ba tare da ta dube ta ba. Ƙasarin ta ce in zubar a tsohon kwanon can, kada in ɓata mata tsakar gida. Kunun kuwa ko rabi ba ta sha ba, amma kullum sai an yi surfe.

Sannu a hankali hantsar ta ciko. Na fara ganin kumfa a bakin mai baƙin kunne, yana tsotso yana kaɗa jela. Kafin ruwan farko ya sauka ya fara tsalle a kan turmin da ya cece shi. Maƙwabta suka zo barka, kakata ta ce musu, "Ba na faɗa ba? Tana fita, dabba ta warke." Ta faɗa idonta a kan carbi. Haka ta ci gaba da faɗa har ta koma ga Allah, kuma har ta koma ba ta bari an sake kife turmin nan ba.

Yau gidan ma babu shi, an yi benaye a wurin. Ina da tumaki biyu a bayan gidana, dusa a buhu nake saya musu, kuma da na ga ɗaya ta kusa haihuwa nake ƙara mata, har da harawa da kanwa. Na san abin da uwa ta ci shi ne ke sauka a hantsa, shi ne ƙashin ɗanta da namansa. Duk da haka in baƙo ya yaba su, sai in ji kunnena ya miƙe yana jiran tubarkalla. Halin bai bar ni ba.

Na sha tambayar Kanawa masu zannuwa, a babbar kasuwa da Paspanga, ko sun san wata doguwar Hajiya mai yawan dariya da ta taɓa zama a Zongo. Sai su ce wane suna? Nan nake tsayawa. Mun san tafiyarta, mun san tarinta, mun san lokacin da take buɗe ƙofa da wanda take rufewa. Duk sa idon nan da muka yi mata, babu wanda ya tambayi sunanta.