Mai Gadin Ƙwan Gwaggo

Shagon ɗinkina bango ɗaya ne da na mai gyaran rediyo, Allah ya jiƙansa. A nan 'yarsa ta tashi, cikin warin dalma da tarkacen waya. Auta muke ce mata, har yau da take da nata 'ya'yan.

Uban gwani ne, sai dai akwai nauyin barci. Da rana ta take sai ya kifa kai a kan teburi, ƙarfen narka dalma kuwa a jone. Don haka suka shirya da wani maƙwabci: lokaci-lokaci shi uban zai riƙa gyaran murya, alamar yana farke. In shiru ya yi yawa, maƙwabcin ya daki bango da gindin almakashi. Wane ne maƙwabcin, ba sai an faɗa ba.

Da Auta ta gaji shagon, rediyo ya daina ciyar da gida, sai ta koma haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai. A cikinsa akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa, ba ta kai farcen babban yatsa ba, ita ke kula da ɗumi da juya ƙwai. Gwaggonta mai kiwon kaji ce ta fara ɗauka, sauran matan layin suka zuba ido su ga yadda za ta kaya.

Ba ta kaya da daɗi ba. In wuta ta ɗauke ta dawo da rarrafe, sai ƙwaƙwalwar ta maƙale wajen tashi. Fitila a kunne, ciki kuwa sanyi ƙalau. Gwaggo ta fasa ƙwai ta tarar da 'yan tsaki a mace, ta zo shago da su cikin kwano.

"Auta, kazata ko an ɗauke wuta ba ta tashi daga kan ƙwanta."

"Gwaggo, akwai mai gadi a cikin ƙwaƙwalwar fa. In ta daskare shi ke tashinta."

"To yana ina ranar?"

"Ai sai ta gama tashi take sa shi aiki."

"Au, mai barcin ce ke tashin mai gadin? Madalla. Zubi ɗaya ya rage miki. In ya lalace ki zo ki ɗauki akwatinki ki zuba tsummokara."

Kowa ya san in Gwaggo ta mayar da nata, babu wadda za ta ɗauka, shagon kuma sai kwaɗo.

Na leƙa da yamma na same ta ta yi tagumi, idonta a kan bango, daidai inda dukan almakashi ya tsaga siminti tun zamanin ubanta. Ta daɗe tana kallon wurin, sai ta yi murmushi ta jawo akwatin kayan aiki.

Wani ɗan mai gadi ta haɗa daban, a wajen ƙwaƙwalwar, da ƙidayarsa ta kansa. Abu ɗaya ya sani: ƙwaƙwalwar ta riƙa aiko masa alamar tana farke. In ya ji shiru, ya yanke mata wuta gaba ɗaya, ya mayar.

Gwajin farko abin dariya ne. Kafin ƙwaƙwalwar ta gama miƙa ya yanke, ta sake yunƙurawa ya sake yankewa, akwati sai ƙas-ƙas yake.

"Wannan ba mai gadi ba ne, azzalumi ne," in ji Gwaggo.

"Haƙuri ne bai koya ba tukuna."

Ta ƙara masa haƙuri. Ta yini tana wasa da wutar, ta rage, ta fizge, ta mayar a hankali. Duk sanda ƙwaƙwalwar ta maƙale, sai a ji ƙas guda, fankar akwatin ta ɗauka.

Cikin zubin nan wuta ta yi rashin mutuncin da ta saba, har da ranar da Gwaggo ta yini a asibiti wajen jikarta, gida a kulle.

Wata safiya ina yanka riga na ji guɗa daga bakin layi. Gwaggo ce tafe da kwali a ka, kwalin yana ta tsiyau-tsiyau, mata na biye da ita. Ta dire shi a kan teburin Auta, 'yan tsaki suka bazu cikin wayoyi.

"Ƙirga, 'yar nema! Ko ɗaya bai yi bara-gurbi ba!"

Matan suka hau gardamar wadda za a fara haɗa wa. Cikin hayaniyar Auta ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa.

Na koma shagona, na yi gyaran murya.