Sabar da ta sha giya ranar Talata

Basilia Tarqui ba ta iya rufa-rufa ba, kowa a birnin El Alto ya san haka. A rumfarta ta gyaran kwamfuta, in kai ka lalata kayanka za ta faɗa maka a gaban matarka. Tun tana yarinya take kwance rediyon babanta tana mayarwa, shi kuwa baban, Don Hilarión, sai ya yi ta yawo da labarin, wai 'yarsa injiniya ce.

Ranar Laraba, kashegarin Talatar ch'alla, bikin neman albarka na shekara-shekara, aka kira ta gidan rediyon unguwa inda tsohon nata yake gadi. Saba ta ƙi tashi, ita ce babbar kwamfutar da duk shirye-shirye suke ciki, tasha ta yi tsit tun safe. Shugaban gidan, Don Efraín, yana ta safa da marwa, ya rantse duk wanda ya taɓa na'urar nan yau zai bar masa gida. Makullan ɗakin kuwa biyu ne, nasa da na mai gadi.

Ta danna maɓalli. Fanka ta ɗan juya ta tsaya, na'urar ta yi ƙara siririya, allo baƙi ƙirin. Ta canza waya, ta gwada wani soket, shiru. Da ta kwance murfi sai wari ya buge ta. Giya ce, wallahi giya! Ga yankakkun takardu masu launi cunkushe a fanka, ga danƙo ya bushe a kan katin ƙwaƙwalwa. Jiya kowa ya yayyafa wa motarsa da shagonsa giya don Pachamama, uwar ƙasa da suke girmamawa, ta sa albarka, ashe tsohon nan ya ga bai kyautu a bar sabar da ke ciyar da gidan ba a ba ta rabonta ba.

Ta ɗaga kai, sai ga shi a bakin ƙofa, hula a hannu, yana mata murmushi. Haushi da tausayi suka cika ta. Mutum ya tsufa haka, in an kore shi a nan wa zai ɗauke shi?

Ta juya baya ta kare akwatin da jikinta, ta tsince takardun tana cusawa a aljihu. Don Efraín ya matso yana tambayar me ta gani, ta ce ya ba ta wuri, yana tare mata haske. Ta zare katin, ta wanke da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ta aro na'urar busar da gashi wajen mai karanta labarai. Ta busar da shi sarai. In danshin ya kai ga babban allon ciki, sai an kai na'urar La Paz, can kuwa hancin kowa lafiya lau yake.

Ta mayar, ta danna. Fanka ta juya, ta ci gaba da juyawa, allon dai baƙi. Kowa ya zuba wa allon ido. Can sai farin rubutu ya fara gangarowa.

"To, Injiniya, wa ya taɓa ta?" in ji Don Efraín.

"Ƙura ce, yallaɓai," ta ce, idonta a ƙasa. "A riƙa share ɗakin."

A waje tsohon ya tare ta da api, kunun masara mai zafi, a kofi, fuskarsa fal farin ciki. Ya rage murya.

"Kin gani ko, 'yar nan? Da ban zuba mata jiya ba, da ba ta tashi ba. Baɗi zan ƙara mata."

Basilia ta buɗe baki za ta faɗa masa gaskiya, sai ta dubi furfurarsa, ta karɓi kofin.

"Baɗi ni zan zo in zuba, Baba," ta ce. "Kai ka huta."