Fintan Mai Shinge da Goɗiyar Matan Coci

Fintan Cregan mijin yayata ne, don haka ina da lasisin faɗin abin da na ga dama a kansa. A garinmu da ke cikin Tipperary ta ƙasar Ireland kowa ya san shi da Fintan mai shinge. Shi ke gyara shingayen da dawaki ke tsallakewa a filin sukuwarmu. Zai ɗaure ƙirare dami-dami, ya cusa su cikin katako, sannan ya bi kansu da almakashi yana daidaitawa kamar wanzami.

Ba haka ya tsara wa kansa ba. Yana saurayi burinsa ya zama mahayi, sai dai an jarabce shi da son dankali da man shanu, su kuwa mahaya da ruwan shayi da taba suke rayuwa don kada su yi nauyi. Sau ɗaya aka taɓa ba shi doki, a wata ƙaramar sukuwa ta manoma. Da suka iso shinge na biyu dokin ya duba ya ga abin ba nasa ba ne, ya ja birki. Fintan ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, ya nutse da ka a cikin ƙirare, ƙafafu a sama suna harbin iska. Da ƙyar aka zaro shi. Tsohon da ke kula da filin a lokacin ya ce tunda yaron ya ga cikin shinge da idonsa, babu wanda ya fi shi cancantar aikin. Haka ya samu sana'a. Yaya Nuala, matar tasa, tana cikin 'yan kallo ranar, kuma ta sha gaya mana cewa tafin takalminsa ta fara gani kafin fuskarsa, da ta san abin da ke ɗaya ƙarshen da ta sake tunani.

Abin da ya sa ya yi suna shi ne zaman Litinin a mashayar Dinny. Da yamma zai zauna kusa da murhu da kofin baƙar giya, ya bi sukuwar ƙarshen mako ɗaya bayan ɗaya. Sai dai shi wanda ya ci tsere bai dame shi ba. Abin da yake dubawa shi ne wane doki ya girmama shinge, wane ne ya yi masa rashin kunya. Dokin da ya zo na farko amma ya bar ƙirare a warwatse, a wurin Fintan ɗan iska ne marar tarbiyya, kuma zai ambaci uwarsa da ubansa da garin da aka haife shi. Wanda ya zo na bakwai amma ya tashi sama ya sauka bai taɓa ko tsinke ba, wannan ɗan mutunci ne, shi zai ce a sa wa kuɗi ranar Asabar.

Matsalar ita ce dokin da ke tashi sama sosai a iska yake ɓata lokacinsa, kafin ya sauko marasa kunya sun yi gaba. Duk wanda ya bi shawarar Fintan a ƙafa yake komawa gida. Amma ba a fasa cika mashayar ba, domin zaginsa ya fi sharhin rediyo daɗi. Dinny ma ya ce da zai rasa Fintan gara ya rasa talabijin.

Ana nan sai ga wata baƙar goɗiya mai suna Bazawara. Ƙatuwa ce, mai faɗin ƙirji, kuma ita a ganinta shinge labule ne. Ba ta tsallakewa, ratsawa take yi. Ranar da ta fara gudu a filinmu sai da ta bar wa Fintan aikin mako guda, ga shi kuma ta zo ta kusa da ƙarshe. A zaman Litinin ya ce wannan ba goɗiya ba ce, saniya ce aka ɗaura wa sirdi, kuma ko mai haɗa abincin karnuka sai an roƙe shi kafin ya karɓe ta. Maganar ta zaga gari har ta kai kunnen mai ita, wanda dama ya gaji da ciyar da ita. Ya sa ta a kasuwa da araha.

Wata Lahadi muna cin kabeji da naman alade a gidansu, Yaya Nuala ta ajiye cokali ta sanar cewa ita da matan ƙungiyar mawaƙan coci sun haɗa hannu sun sayi Bazawara. Fintan ya ƙware da dankali, sai da na bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya tambaye ta ko ta rasa abin saya ne a duk faɗin Ireland.

Ta ce, “Tsoho, ka ce wayar hannu ba za ta yi ƙarko ba. Ka ce mijin 'yarmu ba zai tsinana komai ba, ga shi da motocin haya uku. Ni kaina uwarka ta gaya mini ka ce ba zan kai Kirsimeti a gidan nan ba. Da na ji irin zagin da kake wa dabbar nan, sai na san akwai alheri a jikinta.”

Daga nan gidan ya rabu biyu. Matan suka kai goɗiyar wurin wani mai horarwa a bayan gari, suka ɗinka wa mahayinta riga kalar labulen coci, kuma duk Asabar sai su cika mota su je su kai mata karas. Fintan kuwa ya mai da ita abin buɗe zama da rufe shi. Da aka sa ta a babban tseren filinmu na watan Janairu, masu karɓar caca suka ba ta talatin da uku a kan ɗaya, wato su ma ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Fintan ya ce sun yi mata kara. Ya rantse a shinge na uku za ta kifa, ya ce kowa ya bi wani jan doki daga Cork mai tsalle kamar barewa. Na tambaye shi ko ba ya tsoron a hana shi abinci a gida. Ya ce, “Ƙanen mata, kai dai sha giyarka. Gaskiya ba ta san aure ba.”

Ni dai na sa wa Bazawara kuɗina, saboda ina tsoron yayata fiye da yadda nake tsoron talauci.

Ranar tseren an kwana ana ruwa, fili ya zama kunu. Matan coci suka jeru a bakin ƙarfe da lemominsu kamar za su rera waƙar jana'iza. Fintan yana tsaye a wurin aikinsa, gefen shinge na ƙarshe, da manjagara a hannu. Aka saki dawaki. Jan dokin Cork ya yi tsallensa mai kyau, ya sauka a taɓo, ya zame, ya ajiye mahayinsa a hankali kamar mai sauke fasinja. Wasu suka gaji aka janye su. Bazawara kuwa ta ratsa shinge na uku ta fito da ƙirare a goshi, ta ci gaba abinta. Taɓon nan ko a jikinta. Da suka juyo kwanar ƙarshe saura su biyu a gaba, ita da wani fari, kuma ita ce ke jan zaren.

Abin da ya biyo baya duk ƙasar ta gani, domin kyamarar talabijin tana kan wurin. Fintan ya yar da manjagara, ya taho bakin shingen yana daga hannuwa sama, jijiyar wuya a miƙe, ya kwarara ihu: “Ɗaga ƙafa, 'yar banza! Tashi!”

Ko muryar ce ta firgita ta, ko hannuwan, babu wanda ya sani. Bazawara ta tashi sama. Tunda aka haife ta ba ta taɓa irin wannan tsalle ba, ta wuce shingen da tazarar da mutum zai bi ta ƙarƙashi da hularsa. Tana can sama tana shan iska farin dokin ya ratsa ta gefe. Ta sauko ta bi shi da duk ƙarfinta, amma ya riga ta kaiwa da tsawon wuya.

Fintan ya juyo fuskarsa jiƙe, ba duka ruwan sama ba ne. Yana juyowa ya yi ido huɗu da mata goma sha biyu da suka nufo shi da lemomi a naɗe. Ban taɓa sanin mai kiɗan molon coci ta iya irin waɗannan kalmomi ba. Suka ce da ya rufe bakinsa ya bar ta ta ratsa yadda ta saba, da yanzu kofi yana hannunsu. Shugabannin filin ma suka kira shi ofis, suka ja masa kunne cewa an ɗauke shi gyaran shinge ne, ba ba dawaki shawara ba. Yaya Nuala dai ta shiga mota ta tafi, ya tako gida a ƙafa cikin ruwa.

Litinin mashayar Dinny ta cika har waje, kowa ya zo jin yadda zai kare kansa. Bai kare ba. Ya ce shekara arba'in yana wannan aiki bai ga tsalle mai kyan wannan ba, kuma da za a sake, zai sake yin ihun. Wani da ya yi asara ya ce to shi wa zai biya shi. Fintan ya ce ya je ya tambayi farin dokin.

Sai da aka shiga azumin Ista kafin yayata ta koma yi masa magana, shi ma da sharaɗi: duk ranar da Bazawara za ta yi gudu, zai zauna a gida. Ta ci tsere biyu a yammacin ƙasar, duka ta hanyar ratsawa, shi kuwa yana falo yana kallo da jikoki, an ƙure sautin talabijin don kada su ji zaginsa su koya.

Bara gwiwa ta tilasta masa ajiye aiki, ita ma goɗiyar aka sallame ta daga gudu. Tana wani fili a bayan gidansu, ta haifi ɗan dukushi mai dogayen ƙafafu. Matan coci sun yi zama uku a kan sunan da za a sa masa ba su daidaita ba, har biyu daga cikinsu sun daina gaisawa. Fintan ba shi da ƙuri'a. Kullum da safe yakan ɗingisa zuwa filin da tuffa a aljihu, in an tambaye shi ya ce ƙofa ya je dubawa.