Ƙwayar da Malam Sabo ya zubar a masai

Na yi ritaya, amma ranar da aka kawo mana Malam Sabo ba ta fita a raina. Da damina ne, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa, ina babbar nas a ɗakin maza na wani asibiti a Dutse.

Malamin allo ne daga wani ƙauye bayan Kiyawa. Da hantsi aka shigo da shi ranga-ranga, yana ta amai, jiki sanyi ƙalau. Muka ɗaura masa ruwa. A ƙa'ida, in ruwa ya shiga, jini yakan hau. Nasa kuwa ƙasa yake ta yi. Likitanmu, wani saurayi mai haƙuri, ya ce, "Sista, mutumin nan zai kuɓuce mana." Ni ma na ga alama.

Ni dai Allah ya yi ni da tambaya, har abokan aiki na ce mini 'yar sanda. Na dubi Malam, fuska ta cika fam, ƙafafu kuwa kamar sillen kara. Na fita baranda wajen matarsa.

"Inna, wane magani Malam yake sha?"

"Ai ya daina, 'yar nan. Wata 'yar mitsitsiyar fara ce ta ciwon gwiwa, shekara da shekaru yana saye gun masu talla. Ran Juma'a aka yi wa'azi a kan shan ƙwaya, ya ce shi mai koyar da Alƙur'ani ba za a same shi da ƙwaya a aljihu ba. Ya je ya zuba ta a masai."

Na koma da gudu da wannan labari. Likita na ji ya miƙe tsaye ya ce, "Kotizol!"

Ga wanda bai sani ba, kotizol wani sinadari ne da jiki ke fitarwa daga saman ƙoda. Shi ke riƙe jini da sukari idan wahala ta zo. Irin wannan ƙwaya aikinsa take yi, don haka in an daɗe ana sha, sai jiki ya miƙe ƙafa ya daina yin nasa. A yanke ta rana ɗaya, mutum ya tashi ba nan ba can.

Muka yi masa allurar sinadarin ta jijiya. Ina riƙe da hannunsa ina jin bugun jininsa na dawowa. Kafin la'asar ya buɗe ido, ya ce, "An yi azahar?" Wallahi sai da na yi hawaye.

Rigimar gaske sai washegari, da aka ce dole ya koma shan ƙwayar, a riƙa rage masa da kaɗan-kaɗan har jikinsa ya farka.

"Ni in koma ƙwaya? Me zan ce wa ɗalibaina?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ta sa ka maye ko sau ɗaya? Wa'azin ba da ita ake ba. Sha za ka yi don ka rabu da ita."

Sai ya miƙo hannu ya karɓa. Kafin girbi ya rabu da ita lafiya, ya zo mana sallama da ƙafarsa.

Mutanenmu ba wasa suke da ransu ba, tsoron Allah ne ya kusa kai Malam kabari. Saboda haka, yara masu koyon aikin jinya, in kun tambayi maras lafiya abin da yake sha, ku tambaye shi kuma abin da ya daina sha.