Ƙarar da Na Kai Sakkwato

Mun tashi da asuba, ni da wasu fatake biyu masu kai fatu birni. Su da jakuna huɗu, ni da guda ɗaya, sai takardar sallama a aljihu. Da muka biyo ta bayan mahautar garinmu sai na kau da kai. Shekara bakwai na yi ina duba dabbobin yanka a wurin, tun da Nasara suka kafa dokar dubawa. Wata uku da suka wuce na hana a yanka wasu shanu biyu masu ciwon huhu, ashe na surukin wakilin gari ne. Na kai magana gaba. Bayan kwana tara aka ce wai ina makara, aka sallame ni.

Hanyar yashi ce zalla, jakina kuwa in ya ga inuwa sai an roƙe shi. A wata ruga muka sha fura da nono. Bafillatanar da ta sayar mana ta ƙi karɓar anini, ta ce wannan ƙarfe mai huda ba kuɗi ba ne, sai da muka nemo mata wuri. Shanunsu na kiwo gefe, ban san lokacin da na fara duban hancinsu da idanunsu ɗaya bayan ɗaya ba. Abokan tafiyata suka yi ta dariya, wai an kori mutum amma ba a kori idonsa ba.

Kashegari da la'asar muka haye gulbi, ƙamshin albasar fadama ya tarye mu, ga ganuwa can. A nan na yi karatu ina yaro. Na nemi zauren malaminmu, na tarar ya rasu bara, maɗinka ne zaune a ciki. Na daɗe tsaye a ƙofa kafin na wuce Hubbare na yi ziyara.

Kwana huɗu ina zaman jira a ƙofar alƙali. Mahautan da suka yi alkawarin shaida ba wanda ya zo, ban kuma ga laifinsu ba, suna da iyali. Ran na biyar manzon wakili ya iso, ya maimaita zancen makara. Alƙali, wani dattijo mai sanyin murya, ya dube shi.

"Wa ka buɗe mahauta da sahe?"

"Shi na, Allah gafarta malam."

"An taɓa fasa yanka don ba a buɗe ba?"

Manzo ya ce ba a taɓa ba. Alƙali ya ce an zalunce ni, ya sa aka rubuta. Amma mayar da ni aiki, in ji shi, ba a hannunsa yake ba. Na hau ofishin Nasara, akawu ya ce Bature na rangadi, kuma an riga an ɗauki wani.

Na sayi kilishi na tsaraba na juyo. Da na isa gida uwargida ta karɓi takardar alƙali, ta juya ta, ta tambaye ni yaushe zan koma aiki. Na ce ba rana.

Tafiyar nan ta nuna mini shari'a na iya wanke mutum, ta kuma bar shi zaune. Ban yi da-na-sanin zuwa ba, 'ya'yana ba za su ji an kira ubansu malalaci ba. Sai dai har yanzu da an sallame sallar asuba nakan sa riga in ɗauki sanda, sai na kai zaure in tuna ba inda ake jirana.